Kingston A400 a Cikin Tsohuwar Dell OptiPlex 7010: Abin da Yake Gyarawa da Inda Yake Gazawa

Duk wanda ya leƙa shagon buga takardu, ko wurin yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ko ofishin wata makarantar kuɗi, da wuya ya fito bai ga Dell OptiPlex 7010 ko wata 'yar'uwarta ba. Kwamfutar tebur ce da Dell ya fitar a 2012 domin ofisoshi. Da ma'aikatun Turai da Amurka suka gama da ita, sai aka yi ta shigo mana da ita a matsayin ta hannu. Galibi tana zuwa da furosesa Core i5-3470 ko i3-3220, da RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a ciki) na 4GB, da faifan ajiya mai juyawa na 250GB ko 500GB. Kukan masu ita kuwa iri ɗaya ne: ka kunna ta, ka je ka dawo ba ta gama farkawa ba, ka danna Chrome ka zauna zaman jira. Daga nan mai ita ya yanke cewa ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa, ya fara tambayar kuɗin furosesa i7.

Mafi yawan lokaci ba furosesa ce mai laifi ba. Kafin ka kashe ko kwabo, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance a cikin Task Manager daidai lokacin da kwamfutar take jan ƙafa. Idan ka ga Disk a tsaye kan kashi 100, CPU kuwa, wato furosesa, tana shan iska a kashi 10 ko 20, to ka gano inda gizo ke saƙar. Tsohon faifai yana juyawa sau 7,200 a minti, amma duk ƙaramin fayil da ake nema sai allurarsa ta tashi ta je ta lalubo shi, abin da ke cin kusan milisakan 10 ko fiye. Windows kuwa dubban ƙananan fayiloli take kira idan za ta tashi. SSD kuwa, wato faifan ajiya na zamani da ke adana bayanai a ƙwayoyin lantarki, ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, yana amsawa a kusan kashi ɗaya cikin goma na milisakan. Wannan tazarar ce mutum ke ji a hannunsa, ba manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali ba.

Kingston A400 na cikin SSD mafi araha da ake samu da sunan kamfanin da aka sani. Ya shigo kasuwa a 2017, nau'in da ake kira mai inci 2.5 ne, kaurinsa milimita 7, yana amfani da mahaɗar SATA, wato irin wayar da tsohon faifan yake amfani da ita. Girmansa da aka fi samu huɗu ne: 120GB, 240GB, 480GB da 960GB. Kingston ya ce dukkansu suna karatu har 500MB a sakan. A rubutu ne suka bambanta: na 120 yana kai 320, na 240 yana kai 350, manyan biyun 450. Garantinsa shekara uku. Adadin rubutun da kamfanin ya lamunce masa shi ne 40TB ga ƙaramin, 80TB ga na 240, 160TB ga na 480, 300TB ga babban. Kada 80TB ya yi maka kaɗan a ido: wanda yake rubuta 20GB kullum sai ya haura shekara goma kafin ya cinye shi.

Hukuncina a kansa shi ne, A400 ba gwani ba ne a cikin SSD, kuma duk wanda ya ce maka daidai yake da Samsung 870 EVO ya cuce ka. Amma ga mai tsohuwar kwamfuta da ɗan kuɗi ƙalilan, babu wani abu guda da zai saya da wannan farashin ya ga canji irin wanda A400 zai nuna masa. Kwamfutar da take cin minti ɗaya ko biyu kafin ta natsu sai ta koma tashi cikin ƙasa da rabin minti, Word da Excel su riƙa buɗewa kafin ka ɗauke yatsa.

Inda aka rage masa kaya don ya yi araha shi ne DRAM, wato 'yar ƙwaƙwalwar wucin gadi mai sauri. Kowane SSD yana da taswirar inda ya ajiye kowane guntun bayani. Masu tsada, irin su 870 EVO da Crucial MX500, suna da ƙwayar DRAM ta musamman da take riƙe da wannan taswirar a kusa. A400 ba shi da ita. Kamar mai kanti ne da littafin lissafin kayansa yake can cikin sito: in masu saye ɗaiɗai suke zuwa ba a gane komai, in suka taru sai layi ya tsaya. A aikin yau da kullum, bugun takardu da shiga intanet da kallon bidiyo, ba za ka lura ba. Za ka lura ne ranar da Windows take sabunta kanta, kana kwafe fayiloli, ga kuma manhajar kashe bairos tana bincike. A lokacin yakan ɗan tsaya na daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Rauni na biyu yana fitowa idan ana zuba masa babban kaya a tashi ɗaya. Yana ware wani ɗan sashe da yake karɓar rubutu da sauri. Ka tura masa bidiyon biki mai 40GB, farkon zai tafi da gudu, sai sashen nan ya cika, saurin ya faɗo har kusa da na tsohon faifai. Abin yana ƙara muni idan SSD ɗin ya kusa cika, shi ya sa ake barin aƙalla kashi 15 zuwa 20 a sarari. Wannan ma ya isa dalilin guje wa na 120GB. Windows 10 da Office da sabuntawarsu za su cinye fiye da rabinsa, ka wayi gari kana share hotuna don ka samu wuri. Na 240 shi ne mafi ƙanƙantar da ya kamata a saya, kuma idan bambancin kuɗin bai yi yawa ba, na 480 ya fi kwanciyar hankali. In ka ɗora shi Windows za ta nuna maka 223GB a na 240, 447GB a na 480. Ba ha'inci ba ne, kamfani yana ƙirga gigabait da dubu-dubu, Windows kuma da 1,024.

Akwai wata matsala da masu gyara suka daɗe da sani, kuma dole a faɗe ta. Wasu A400 da aka ƙera da kwantirola Phison S11, wato ƙwayar da ke tafiyar da aikin SSD ɗin, sukan mutu farat ɗaya, ba gargaɗi. Ka kunna kwamfuta ta ƙi tashi, ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi, a maimakon sunan Kingston ka ga an rubuta SATAFIRM S11. Manhajar da ke cikin SSD ɗin ce ta rikice. Ana iya farfaɗo da shi ta sake rubuta masa manhajar, amma wannan yana shafe duk abin da ke ciki. Ba kowane A400 ne ke da wannan kwantirolar ba, domin Kingston yana canja kayan ciki daga zubi zuwa zubi ba tare da ya canja suna ba, wanda shi kansa abin ƙorafi ne: biyu masu suna ɗaya ba lallai su yi aiki iri ɗaya ba. Abin yi biyu ne. Ka sauke Kingston SSD Manager, kyauta ce, ka duba ko akwai sabuwar manhajar ciki, ka sa ta tun ranar farko kafin ka zuba kayanka. Sannan kada ka taɓa barin takardu masu muhimmanci a kan A400 shi kaɗai. Tsohon faifai yakan yi ƙara ko ya riƙa jan ƙafa kafin ya mutu. SSD mai araha ba ya sallama.

Sai maganar jabu. Saboda A400 yana tafiya sosai a kasuwa, masu kwaikwayo sun yi masa yawa, kuma kwali mai kyau ba hujja ba ce. Kada ka saya sai da rasit mai ɗauke da lambar jikinsa da sharaɗin mayarwa a rubuce. In ka isa gida ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka duba suna da lambar, su yi daidai da na jikin takardar da ke manne, ka kuma duba awannin da ya yi yana aiki. Sabo bai kamata ya nuna ɗaruruwan awanni ba. Gwajin da ba a iya yi masa wayo shi ne na manhajar H2testw: tana cika faifan dam da bayanai, ta dawo ta karanta su. Wanda aka rubuta wa 480GB alhali cikinsa 64GB ne, nan asirinsa ke tonuwa. Gwajin yana cin lokaci, amma sau ɗaya ake yinsa, kuma a yi shi tun faifan yana fanko. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa sosai, a bar wa mai shi. Araha ba ta ado.

A cikin kwalin babu komai sai SSD ɗin. Ba waya, ba noti, ba mazauni. Wannan yakan ba sabon shiga mamaki, don haka ka sayo wayar SATA guda tun a kasuwa. OptiPlex 7010 kuma iri huɗu ce: MT doguwa, DT, SFF siririya, da USFF 'yar ƙarama. Ka san taka kafin ka fita, domin wurin da ke ciki ya bambanta ƙwarai. A MT akwai sarari da rarar bakin wuta, SSD da tsohon faifai su zauna tare ba matsala. A SFF gurbin faifai ɗaya ne, mai inci 3.5, a cikin shuɗin mariƙi na roba. Can ko dai ka sayi mazaunin da ke mayar da 2.5 zuwa 3.5, ko ka cire na'urar DVD ka sa mazaunin faifai mai kaurin milimita 12.7 a gurbinta. Bakin wutar DVD ɗin siriri ne, ba ya shiga SSD kai tsaye, sai ta wannan mazaunin. In kuɗi ya ƙare, a ɗaure SSD da ɗan zaren roba a inda ba zai taɓa fanka ba. Ba shi da nauyi, girgiza ba ta damunsa.

Aikin sawa bai kai minti ashirin ba. Ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wutar ta fita. Murfin gefe ba ya buƙatar sukudireba, ɗan hannu ne ake ɗagawa. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki, musamman a hunturu da jiki ke tara lantarki har ka ji ƙyas idan ka taɓa ƙofar mota; wannan ƙyas ɗin yana iya kashe RAM. Ka ɗauki hoton cikin da wayarka kafin ka zare komai. A kan babban allon za ka ga bakunan SATA da ƙananan rubutu a gefensu. Ka sa SSD a SATA0. Cifset ɗin Q77, wato ƙwayar da ke kula da mahaɗun wannan allon, bakuna biyu kaɗai yake bai wa saurin 6Gb a sakan, sauran 3Gb ne, kuma in ka sa shi a can zai tsaya a wajen 280MB a sakan. Zai yi aiki, amma ka bar rabin abin da ka biya. Bakin wayar yana da siffar L, hanya ɗaya yake shiga. In ya ƙi, juya shi za ka yi, ba dannawa ba, domin robar bakin SSD tana karyewa.

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne bayan an rufe murfi. Da ka kunna, ka yi ta danna F2 ka shiga BIOS, ka nemi SATA Operation. Dell da yawa suna zuwa a kan RAID On ko ATA. Ka mayar da shi AHCI kafin ka ɗora Windows. In ka canja bayan ka ɗora, shuɗin allo ne zai tare ka da INACCESSIBLE BOOT DEVICE. A nan kuma ka mayar da tsarin tashi zuwa UEFI, sannan a Rufus, manhajar da ake shirya filash da ita, ka zaɓi GPT. Filash mai 8GB ya isa. F12 ne ke kawo jerin abubuwan da za a tashi daga kansu. Kuma ka zare wayar tsohon faifan gaba ɗaya har ka gama ɗora Windows. In ka bar shi a jone, Windows takan ajiye fayilolin tashi a kansa, ranar da ka cire shi ko ya mutu sai kwamfutar ta ƙi tashi alhali SSD lafiyarsa ƙalau. Bayan an gama ka mayar da shi ya zama rumbun bidiyo da hotuna da kwafin takardu.

Ana iya kwafe tsohon faifan ɗungurungum zuwa sabon, amma ban ba sabon shiga wannan shawarar ba. Faifan 500GB ba ya shiga na 240 sai an matse ɓangarorinsa, kuma duk tarkacen shekaru da bairos ɗin da ke ciki za su biyo ka. Sabuwar ɗorawa ta fi tsabta. In kwamfutar ta taɓa samun halastacciyar Windows 10, lasisin zai dawo da kansa da zarar ta hau intanet, muddin iri ɗaya ka ɗora, Pro a kan Pro. Ka tabbata mai 64-bit ce. Mai 32-bit ba ta iya amfani da RAM da ya wuce 4GB, ko shi ma ba duka ba.

SSD ba ya maganin ƙarancin RAM, yana dai rufa masa asiri. Da 4GB, Windows 10 ta riga ta cinye kusan rabi kafin ka buɗe komai, ragowar kuma shafuka biyar ko shida na Chrome sun isa su lashe shi. Daga nan sai ta riƙa jibge abin da ya yi yawa a kan faifai, kuma irin wannan ƙananan rubuce-rubucen ne A400 ya fi rauni a kansu. Saboda haka kuɗi na biyu RAM za su tafi, a kai shi 8GB. Abin da za ka nema DDR3 ne na kwamfutar tebur, mai fil 240, kuma ka karanta takardar jikinsa: PC3-12800U. Harafin ƙarshen nan shi ne magana. Mai R na manyan kwamfutocin saba ne, yana da araha a kasuwar kayan hannu, kuma ba zai taɓa tashi a wannan allon ba. Mai S gajere ne, na laftof. Akwai kuma wasu marasa suna da ake rubuta wa cewa na AMD ne kaɗai, su ma ba sa aiki da Intel. DDR4 kuwa tsagarsa ba ta ma dace da gurbin ba.

MT da DT da SFF gurabe huɗu gare su, USFF biyu. Guda biyu na 4GB sun fi guda ɗaya na 8GB sauri, in aka sa su a guraben da maƙallansu suke launi ɗaya, domin a lokacin furosesa tana magana da su ta hanya biyu a tare. Wannan yana taimaka wa hoton allo ma, tunda HD 2500, sashen hoton da ke cikin i5-3470, daga RAM take aro. In ka haɗa mai 1333 da mai 1600 za su yi aiki, amma da saurin na ƙasan. Ka danna shi da manyan yatsu biyu har maƙallan gefe su rufe da kansu, ka ji ƙas. Idan ka kunna allo ya tsaya baƙi, maɓallin wuta yana ƙyafta ruwan lemo, kada hankalinka ya tashi: kusan kullum RAM ne bai zauna ba. Ka cire, ka goge zinariyar bakinsa da magogin fensir, ka mayar ɗaya bayan ɗaya. In ta tashi, ka danna F12 ka zaɓi Diagnostics, gwajin Dell na cikin gida zai duba maka shi.

Tunda murfi a buɗe yake, a yi shara. Ƙurar hunturu tana toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa har iska ta daina wucewa. A fitar da akwatin waje, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa, a hure da bulowa. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe tuntuni a kwamfutar da ta haura shekara goma. A goge shi da sifirit, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya. Batirin agogo, CR2032, shi ma a canja shi. In ya mutu, ba kwanan wata kaɗai ke ɓacewa ba, saitin BIOS ma yana iya komawa yadda yake, AHCI ɗin da ka zaɓa ya tafi, ka zaci SSD ne ya lalace.

Furosesa da katin hoto su ne inda kuɗi ke zurarewa. Mai i3-3220 zai amfana da i5-3470 idan ya same ta da sauƙi, domin daga ƙwaya biyu zai koma huɗu, kuma mazauninsu ɗaya, LGA1155. Mai i5 kuwa ba shi da dalilin bin i7-3770, bambancin a aikin ofis bai kai kuɗin ba. 'Yan ƙarni na huɗu, irin su i5-4570, ba sa shiga ko kaɗan. Akwatin wutar MT wat 275 ne, na SFF wat 240, kuma ba su da wayar fil shida da manyan katunan hoto ke nema. Abin da ya dace shi ne ƙaramin kati irin GT 1030 mai cin wat 30, gajere in SFF ce, kuma a tabbata mai GDDR5 ne, domin akwai mai DDR4 da suna iri ɗaya wanda ya gaza shi nesa ba kusa ba. Wanda HDMI kawai yake so ba ya buƙatar kati: akwai DisplayPort biyu a baya, 'yar mahaɗa ta wadatar.

Abin da na fi so a saya kafin katin hoto shi ne UPS. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na cikin abubuwan da ke rikita taswirar SSD, kuma A400 ba shi da kariyar da na manyan ma'aikatu ke da ita. Ƙaramin UPS mai 650VA zai riƙe kwamfutar da monita na 'yan mintuna, isassu a adana aiki a kashe ta yadda ya kamata, ko a jira janareta ya kama. A duba bayan akwatin wutar kuma: in akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, ya kasance a kan 230 kafin a jona, musamman a wadda ta fito daga Amurka.

Akwai iyakar da A400 ba zai tsallakar da wannan kwamfutar ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman furosesar Intel daga ƙarni na takwas da ƙwayar tsaro ta TPM 2.0, alhali 7010 'yar ƙarni na uku ce mai TPM 1.2. Rufus yana iya tsallake wannan binciken, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan ɗorawar ba. Wanda aikinsa burauza ne da bugun takardu, Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, tana gudu sumul a kan i5-3470 da 8GB da wannan SSD, kyauta ce, tana kuma samun gyaran tsaro. Sai dai ya fara tabbatar da cewa firintarsa da manhajojin da yake cin abinci da su suna aiki a kanta. Wannan iyakar ce ta sa nake cewa a tsaya a 8GB sai in aikin ya tilasta 16. DDR3 da furosesar LGA1155 a jikin wannan akwatin za su ƙare, SSD ɗin kuwa ana zare shi a sa a kowace kwamfutar tebur ko laftof mai bakin SATA da aka saya nan gaba.